Matar Yumɓu Marar Baki

Ranar Lahadi, ana tsakiyar cin taliya, Silvina ta zaro wani kati daga jakarta ta jingina shi a jikin kwalbar giya, ta ce, "Baba, ga tsohuwar likitarka ta shiga tarihi."

Evaristo Calcagno ya gyara zaman tabarau ya duba. Ƙungiyar likitocin sauraro ce, masu maganin damuwar rai ta hanyar sauraron mutum, wadda 'yar tasa take ciki, za ta buɗe nunin kayan waɗanda suka kafa ta, kuma ɗakin marigayiya Dokta Hedi Rosenau aka kwaso ɗungurungum aka sake shirya shi a zauren ƙungiyar. Ga hoton ɗakin nan a jikin katin: doguwar kujerar da ake kwanciya a kai, dardumar da aka lulluɓe ta da ita, kujerar likita a bayan kan mai kwanciya, sai wata kanta cike da 'yan gumaka waɗanda Dokta ta gudo da su daga Vienna a cikin safa, lokacin da aka fara farautar Yahudawa. Yana cikin murmushi idonsa ya kai ƙarshen kantar. Nan take taliyar ta tsaya masa a wuya.

Can gefe, tsakanin wani gunkin Masar mai kan kyanwa da wata fitilar ƙasa, wata 'yar baƙar mace ce ta yumɓu a zaune, tsawonta bai wuce tafin hannu ba. Ko a duhu ya san ta. Shi ya gina ta da hannunsa, kuma matar da ya kwaikwaya tana nan gabansa, tana goga cuku a kwanonta.

Nélida, matarsa, ta ɗago. "Me ya same ka, tsoho? Ƙashi ka tarar a cikin taliya?"

"Barkono ne."

"Ban sa barkono ba."

Ta miƙa hannu ta ɗauki katin, ta riƙe shi can nesa da fuska, don ta bar tabaraunta a kicin. Evaristo bai taɓa gode wa mantuwar matarsa kamar ranar ba.

Ta ce, "Ashe haka ɗakin yake. Yaushe za a buɗe?"

Silvina ta ce, "Asabar da yamma, Mama."

"To, da ni za a je."

"Ki je ki yi me? Tsofaffin kujeru ne kawai da ƙura. Ga ƙafarki."

"Ƙafata ta kai ni kasuwa, ba za ta kai ni unguwar Palermo ba? Shekaru ka yi kana sa rigarka mai kyau kana tafiya ka kwanta a ɗakin wata mata, ni ko bakin ƙofar ba a yarda in taka ba. Yanzu da aka buɗe wa kowa da kowa kuma ka ce in zauna a gida? Sai na ga gadon nan da idona."

Silvina ta kwashe da dariya. "Ka lura, Baba, gado ta ce, ba kujera ba."

"Ke kuma kada ki fara mana aikinki a kan abinci," in ji Nélida.

A Buenos Aires dai zuwa wurin likitan sauraro ba abin ɓoyewa ba ne. Direban tasi yana da nasa, mahaucin unguwa yana da nasa, in watan Fabrairu ya kama likitocin suka tafi hutu bakin teku, rabin garin nan cizon farce yake yi yana faɗa da maƙwabta. Saboda haka ba zuwan Evaristo ne abin da yake ɓoyewa ba. Abin da ya kai can ne.

Kafin a haifi Silvina sun yi ɗa namiji, Fermín. Bai kai ga yin haƙori ba zazzaɓi ya ɗauke shi. Aka binne shi, 'yan gaisuwa suka watse, sai Nélida ta rufe baki. Ba yaji ta yi ba, ba gaba take yi da kowa ba. Tana dafa abinci, tana guga, in an gaishe ta ta ɗaga kai. Amma magana ta ƙare. Shi kuwa likitan haƙori ne, ya wuni yana ce wa mutane su buɗe baki suna buɗewa, ya dawo gida ya tarar da wanda ya fi ƙarfinsa. Da farko tausayinta ya ji. Da tafiya ta yi tafiya tausayin ya koma haushi, haushin ya koma wani abu da har yau ba ya son kiran sunansa. Gani yake ta kwashe mutuwar yaron duka ta shige da ita ɗaki ta kulle, ba ta rage masa ko kaɗan ba, kamar ba shi ma ɗansa ba ne.

A wannan shekarar ne ya fara zuwa wurin Dokta Rosenau. A wannan shekarar ne kuma, wata Lahadi a gidan yayan Nélida da ke bakin kogi a Tigre, ya ɗebo yumɓu ya zauna bayan rumfar kwale-kwale ya gina ta. Ba ginin wasa ya yi ba. Hannunsa ya saba da ƙaramin aiki, ya fitar da jelar gashin da take nannaɗewa a ƙeya, ya fitar da ɗan ƙaramin yatsanta na hagu da ya karye tun tana yarinya ya ɗore a karkace. Ya lanƙwasa hannuwan a kan cinya, babu komai a cikinsu. Ya soka babban yatsa a ƙirjin har ya fita ta baya. Da ya zo baki, sai ya shafe wurin ya bar shi sumul. Bayan ta bushe, ya tura ta cikin garwashin da aka gama gasa nama, kitse yana ɗiga a kanta, ta fito baƙa ƙirin. Shi a wurinsa zagi ne ya gasa a wuta, kuma ya san da haka tun yana yi.

Ya naɗe ta a jarida ya kai wa Dokta. Su kuwa likitocin nan ba su san a ce an gode ba. In ka kawo musu kyauta, tambayarka za su yi me ya sa ka kawo. Ta warware jaridar, ta duba, ta ce da harshenta mai nauyin Jamusanci, "Ajiye ta can kan tebur. Kwanta. Me ya zo maka a rai?" Ya kwanta ya faɗi abin da ya zo masa, wanda babu kyan ji. Da ya dawo ba ta kan teburin, shi kuma bai tambaya ba. Ya ɗauka ta tafi kwandon shara, ya ji daɗin hakan.

Daga baya Nélida ta dawo da magana kaɗan-kaɗan, har ta zama ba a iya tsayar da ita. Aka haifi Silvina. Duk shekara suna kai furanni maƙabartar Chacarita, su tsaya, su share ganye, su dawo. Amma zancen waccan shekarar bai taɓa haɗa su ba. Yanzu ga shi a ƙarshen rayuwa, za a ɗauki matarsa a kai ta gaban gilashi, a kunna fitila, a nuna mata yadda mijinta ya gan ta a lokacin da ta fi kowa bukatar a ji ƙanta. Tsoro ya kama Evaristo, tsoro na gaske, irin wanda rabonsa da shi tun daren zazzaɓin yaron.

Ranar Talata da safe ya sa hula ya ce zai je aski.

Nélida ta dubi kansa. "A aske wanne? Ka kai masa hoton na da?"

Ya hau bas ya sauka a ƙofar ƙungiyar. Ana ta buga ƙusa a ciki. Da ya ce shi mahaifin Silvina Calcagno ne, aka kira masa mai kula da nunin, Dokta Lisandro Feldsberg, wani dogo mai gemu, yana riƙe da lofe wanda babu taba a ciki.

"Mahaifin Silvina! Shigo, shigo, Dokta. An ce kai ma ka kwanta a kujerar nan."

"Na ɗan taɓa."

"Babu wanda yake ɗan taɓawa," in ji Feldsberg, ya ja shi ciki.

Ɗakin na nan kamar jiya ya fita. Har ɗan farin ƙyallen da Dokta take shimfiɗa wa kowane mai zuwa a kan matashi an shimfiɗa. Gumakan dai an kwashe su daga kanta an jera a akwatin gilashi, ita kuma baƙar an ware ta a nata akwatin ita kaɗai, a tsakiyar zaure, fitila na haska ta daga sama. Evaristo ya tsaya a gaban akwatin.

Ya yi gyaran murya. "Wata 'yar alfarma na zo nema. Wannan baƙar, ba za a iya cire ta ba?"

"A cire ta." Feldsberg ya karkata kai. "Me ya sa ita?"

"Ba ta da kyan gani."

"Ba ta da kyan gani."

"Haka na ce."

"Haka ka ce. Ga gunki mai kan kyanwa, ga wani can babu hanci, duk ba su dame ka ba, sai ita. Wa ta tuna maka?"

Wannan shi ne sharrin mutanen nan. Ka tambaye su hanyar banɗaki, su tambaye ka me kake son zubarwa. Evaristo ya ce babu kowa, shi dai gani ya yi ba ta dace da sauran ba.

Feldsberg ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa. "Ai gaskiyarka, ba ta dace da su ba, ta fi su. Sauran duk daga Turai ta zo da su, kayan Masar ne da na Girka, kowane likitan zamaninsu yana da irinsu. Wannan kuwa tamu ce, daga ƙasar nan ta fito. Daga kwarurukan arewa, wajen Catamarca, tun kafin zuwan Sifaniyawa. Ta haura shekara dubu."

"Shekara nawa?"

"Dubu, ko fiye. Dubi baƙin nan. Gashin buɗaɗɗiyar wuta ne, irin na mutanen da, kafin a san tanda. Akwai ma alamar kitsen dabba a jikinta, ka ga ke nan hadaya ake yi mata."

Evaristo ya tuna haƙarƙarin da surukinsa ya gasa ranar, ya cije leɓe da ƙarfi.

"Ita Dokta ce ta faɗa muku haka?"

"Dokta? Ka san ta fi ni. Ba ta taɓa cewa uffan a kanta ba. In an tambaye ta, sai ta ce, 'Kai me ka gani?' Amma mun san ta taɓa zuwa arewa hutu, sai muka haɗa wannan da wancan. Kuma wa zai ajiye abin banza a cikin irin wannan jerin? Wani abokin aikinmu ya yi dogon rubutu a kanta, Asabar zan kawo taƙaitawarsa." Ya sunkuyo ya nuna da bakin lofe. "Ka ga kanta yana sheƙi? Ba man goge ba ne. A kan kantar tana can ƙarshe, daidai inda hannun Dokta yake kaiwa daga kujerarta. Tana sauraron mutane tana shafa kan da yatsa. Shekara da shekaru."

Evaristo ya dubi ɗan sheƙin. Kantar a bayan kan mai kwanciya take, shi kuma kullum idonsa a ƙasa yake shiga, a ƙasa yake fita. Ashe duk surutun da ya yi ta zubawa yana kallon silin, abar tana nan bayan ƙeyarsa. Matar da ba ta taɓa ce masa sannu ba ta ajiye ƙazamin gininsa tare da kayan da ta tsallake teku da su. Abin ya taɓa shi ƙwarai, har ya fiddo hankici ya yi kamar hanci yake fyacewa.

Faɗin gaskiya kuwa ba ta taso ba. In ya ce shi ya gina, Feldsberg zai karkata kai ya tambaye shi wace ce, kafin Asabar kuma Silvina ta ji. Ya yi godiya ya fito. A bas yana dawowa dariya ta kufce masa shi kaɗai, har wata mata ta matsa gefe. Ya ji nauyin ya ragu da rabi. Za a manna takarda a jikin gilashin, shi kuma ya san mutanenmu, takarda suke karantawa, ba sa duban abin da ke bayanta. Wace mace ce za ta nemi kanta a cikin gunkin da ya shekara dubu? Yatsan nan ne kawai ya tsaya masa a rai. Ya yi ta zagin kansa da ya cika son fitar da aiki.

Da ya shiga gida Nélida ta leƙa ƙarƙashin hularsa ta ce, "Kai, wanzamin nan gwani ne. Ko alama bai bari ba."

Asabar ta yi. Nélida ta sa doguwar rigar sanyinta mai ruwan toka, ta nannaɗe farin gashinta a ƙeya kamar yadda ta saba, ta jefa tabarau a jaka yana kallo. Zauren ya cika da masu gemu da masu gyale, kowa riƙe da kofin giya, kowa yana sauraron ɗan'uwansa da kai a karkace, babu mai faɗin komai. Silvina ta sumbace su ta ɓace cikin taro.

Kujerar Nélida ta fara nufa. Ta tsaya a bakin igiyar da aka gitta, ta harɗe hannu.

"Wannan ce? 'Yar wannan? Ni na ɗauka da labule da turare."

"Ai na faɗa miki."

"Waccan lotsawar ta tsakiya taka ce?"

"Mutane da yawa sun kwanta a kai, tsohuwa."

"Amma girmanta naka ne. Kana cire takalmi?"

"Ba a cirewa."

"Da takalmi a kan darduma! A gidana ka gwada." Ta nuna kujerar likita. "Ita kuma a can baya take zama, ba ka ganinta? To da ka sani ai da bango ka yi wa magana, a kyauta."

Ya yi ta jan ta nan da can. Ya nuna mata akwatin da Dokta ta sauka da shi daga jirgin ruwa, ya nuna mata agogon da ake juya wa mai kwanciya baya, ya tsayar da ita gaban wani zanen titin Vienna ya yi ta bayanin da bai sani ba. Yana lissafin yadda za su zagaya ta bango su fice, sai aka buga cokali a jikin kofi. Taron ya tattaru tsakiyar zaure, ya tafi da su, kuma da yake Nélida gajeruwa ce mai furfura, masu ladabi suka yi ta buɗa mata hanya har sai da ta tsaya hancinta na kusan taɓa gilashi.

Feldsberg ya ɗaga lofe. Ya ce wannan da suke gani ita ce kakar sana'arsu. Mutanen da sun gina ta babu baki domin aikinta sauraro ne. Ramin ƙirjinta ƙofa ce da maganar masu kuka take shiga ta wuce, ba ta zauna ta yi mata nauyi. Hannuwanta a buɗe suke don karɓar duk abin da aka kawo. Karkataccen yatsan kuwa, mai binciken yana ganin alama ce ta matan da ke hidimar wurin bauta. Kawuna suka yi ta gyaɗawa. Wata mata ta ce tsigar jikinta ta tashi.

Evaristo ba ya jin ko ɗaya. Jakar matarsa yake kallo. Ya ga ta buɗe ta, ya ga ta laluba, ya ga tabarau ya hau hanci. Ta sunkuya. Ta dubi fuskar, ta gangara ƙirjin, ta daɗe a kan hannuwan, sannan ta zagaya ta dubi ƙeyar. Fuskar Nélida kuwa ba ta nuna komai ba, kamar mai duba tumatir a kasuwa.

Ta miƙe ta ce, "Ɗana, shekararta nawa ka ce?"

"Ta haura dubu, Uwargida."

"To, ta dai riƙe jikinta."

Zauren ya ɗauki dariya. Ta cire tabarau ta mayar jaka, ta saƙala hannu a nasa. "Tsoho, ƙafata ta gaji. Kai ni in sha kofi."

Da iskar titi ta buge shi sai ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ka. An wuce wurin. Ta gani, ba ta gane ba, takarda ta yi aikinta. Allah ya yi wa Feldsberg albarka, shi da lofensa da mai dogon rubutunsa. A shagon kofi na kusurwa ya zaɓa musu tebur a jikin taga, ya ce a kawo kofi da madara biyu da burodin zaƙi, ya sake kiran mai hidimar ya ce a ƙara burodin. Yunwar kwanaki ce ta taso masa gaba ɗaya.

Nélida ta gutsuri nata ta tsoma a kofi, ta ci, ta goge baki.

"Shekara dubu," ta ce. "Ni da nake ta fama ina rage biyu daga shekaruna in maƙwabta sun tambaya."

Burodin ya tsaya a hannunsa, kofi yana ɗiga a kan rigarsa.

"Rufe baki, tsoho, kai ne likitan ba ni ba. A Tigre ka yi ta, ko? Na tuna ka dawo da laka a farce, kai da ko ƙasa ba ka taɓawa."

"Nélida..."

"Gashina ne, yatsana ne. Ka ɗauka takarda za ta hana ni sanin hannuna?"

Ya ajiye burodin. Ya ga dai babu sauran wurin ɓuya, sai ya faɗi abin da ya fi tsoro da bakinsa, ya huta. "Ba don ƙauna na yi ta ba. Cikin fushi na yi ta. Haushinki nake ji a lokacin, haushi mai yawa."

"To da cikin me za ka yi ta? Ni ma na tsane ka a shekarar nan. Yadda kake tauna abinci ma haushi yake ba ni. Ni dai ban iya gini ba ne, da ka ga naka."

Ta juya cokali a kofi, ta dubi titi. Da ta sake magana, tsokanar ta fita daga muryarta.

"Kowa ƙarya ya yi mini. Mamata ta ce na fara murmurewa. Fadan cocinmu ya ce yaron yana wuri mai kyau, in yi murna. Matan layinmu kullum, 'Kai, Nélida, kin yi kyau yau.' Ni kuma ina yawo da rami a nan, iska na wucewa ta ciki, ina mamaki yadda babu mai gani. Kai kuma ka shigo, ka wanke hannu, ka buɗe jarida. Na ɗauka kai ne ka fi kowa makanta. Shekara da shekaru ina riƙe da wannan a kanka, ka sani? Na yafe maka, amma ina riƙe da shi." Ta numfasa. "Ashe kana kallona ta saman jaridar."

Hawaye ya zubo wa Evaristo, bai ma nemi hankicin ba. Abin da ya ji ba murna ba ce, sauƙi ne, irin na wanda aka cire wa haƙorin da ya daɗe yana hana shi barci.

Can ya ce, "In je in faɗa musu su cire ta?"

"Ka bar yara da kakarsu, sun yi mata fitila mai kyau. Kada kuma ka kuskura Silvina ta ji, sai ta yi rubutu a kaina." Ta ture kofin gefe ta ɗora hannuwanta a kan tebur, ta lanƙwasa su. "Wai a buɗe suke don karɓar kukan mutane. Shirme. Kai ka san abin da ke cikinsu. Kan Fermín a nan, ƙafarsa a nan. Daidai girmansa ka bari, Evaristo, ko kaɗan ba ka kuskure ba."

"Haka kike riƙe shi. Ta hagu."

"Ta dama ba ya yarda."

Mai hidima ya nufo su da ƙarin burodin, ta ɗaga masa hannu ya koma.

"Shekaru ka yi kana ba wata mata labarin Fermín, tana bayanka, ba ta ma san kamanninsa ba. Ni ban taɓa jin naka ba. Ba ni da darduma, amma ga ni a gabanka." Ta gyara zama. "Fara tun daga farko. Kada ka tsallake wuraren da ba su da daɗi."

Ya share fuska da tafin hannu. Ya fara daga safiyar da aka haife shi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya rasa tasi, ya tare motar mai kai madara. Nélida ta ce ba mai madara ba ne, mai ƙanƙara ne. Ya ce mai madara ne. Ta ce to ci gaba.